Yadda ake zaɓen inbata da haɗa ta a motar kwana, daga lissafin kaya har zuwa kunnawa

Motar da nake nufi ita ce irin wadda ake yi wa ɗaki a ciki, ga gado ga ɗan kicin ga bayi, mutum ya ɗebi iyalinsa ya yi ta yawo duk inda dare ya yi nan ne gida. A Amurka abin ya zama al'ada, suna da manya kamar na kamfanin Winnebago, a Turai kuma yawanci kan Fiat Ducato ake gina su, wasu kan Mercedes Sprinter ko Ford Transit. Namu da ke zaune a can wasu sun fara saya, kuma ko a gida wanda yake so ya gyara Hiace ko Coaster ya mai da ita motar aiki ko ta kwana, duk abin da zan faɗa ya shafe shi.

Mu dai inbata ba baƙuwarmu ba ce, rashin wutar NEPA ya koya mana. Amma ta mota da ta gida ba ɗaya ba ne, mota tana girgiza, wuri ya matse, ga tukunyar gas a kusa, kuma kai kanka a ciki kake barci. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su fara da sayen inbatar, a je shago a ce a ba ni mai wat 3000, sai an dawo ake tunanin batir. Inbata moɗa ce kawai, batir ne randar, girman moɗa ba ya ƙara ruwa. Saboda haka ita ce kusan ta ƙarshe a lissafi.

Na farko: rubuta abin da za ka kunna

Ɗauki biro da takarda ka bi kayan ɗaya bayan ɗaya, ka juya bayansu ka karanta wat ɗin da aka rubuta. Laftof wat 45 zuwa 90, talabijin madaidaiciya wajen 50, butar lantarki ta Ingila 2000 zuwa 3000 amma akwai ƙanana na matafiya da ba sa wuce 1000, na'urar busar da gashi 1500 zuwa sama. Maikurowef ne mai yaudara, lambar da ke gabansa, 700 ko 800, ƙarfin dumama abinci ne, abin da yake ja daga soket ya kan kai 1100 zuwa 1300, sai ka leƙa takardar baya.

Kafin ka ci gaba, cire duk abin da zai iya aiki kai tsaye da wutar batir. Fitilu, fanka, famfon ruwa, cajin waya, firji irin na bolt 12, duk waɗannan ba ruwansu da inbata, kuma asara ce ka ɗaga wuta daga bolt 12 zuwa 230 don kawai cajar waya ta sake sauko da ita bolt 5. Kowane juyi akwai abin da ke tafiya a zafi.

Lambobi biyu kake nema daga takardar nan. Ta farko, mene ne mafi yawan abin da zai kasance a kunne lokaci guda. Ka yi wa kanka gaskiya a nan, in ka san uwargida za ta kunna maikurowef kana kan laftof yara na kallo, toh ka haɗa su, 1200 da 60 da 50, ya zama 1310. Ka ƙara kashi 20 ko 25 cikin ɗari saboda kada inbatar ta riƙa aiki a iyakar ƙarfinta, kaga ka doshi 1600, wato mai 2000 za ka saya. Lamba ta biyu ita ce yawan wutar da za ka sha a yini, wat sau awa. Laftof 60 na awa 4 ya ba ka 240, talabijin 50 na awa 3 ya ba ka 150, maikurowef na minti 10 wajen 200, ƙaramar buta mai 1000 na minti 15 ya ba ka 250. Jimla 840. Riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta wajen batir.

Maganar iyakwandishan kuwa, bari in taƙaice maka. Irin wanda ake ɗorawa kan rufin motocin Amurka mai BTU 13,500 yana cin wajen wat 1400 in yana tafiya, lokacin tashi kuma kwamfuresa tana fizgar ninkin haka sau da yawa na ɗan daƙiƙa. Akwai na'urar sassauta tashi da ake saka masa, irin EasyStart, tana taimakawa sosai. Amma ko ya tashi, batir litiyom mai 200Ah awa ɗaya da rabi zai yi maka ko ƙasa da haka. In burinka ka kwana da sanyi har asuba a daji, wannan wani aiki ne daban mai cin kuɗi, yawancin mutane janareta suke tayarwa ko su jona a sansani, wato wurin da ake yada zango da motocin kwana mai soket ɗin jona wuta.

Na biyu: wace irin inbata

Iri biyu ne a kasuwa, wadda masu shago ke ce wa fiyo sain da kuma modifayid. Fiyo sain tana fitar da wuta mai santsi irin ta layin gwamnati, ko ma ta fi. Modifayid wutarta tsalle take yi hawa-hawa, ta fi araha, kuma fitila ko hita ba su damu ba. Amma duk abin da ke da injin juyawa a ciki zai yi zafi yana gurnani, maikurowef zai yi ƙara abinci bai dumama da kyau ba, wasu cajoji su ƙone, kuma in akwai mai amfani da na'urar taimakon numfashi lokacin barci, kada ma a kawo zancen. Ni dai a ganina yanzu da farashin fiyo sain ya sauko ba dalilin sayen ɗayar.

Sai ka duba irin wutar da take fitarwa. Amurka da Kanada bolt 120 ne 60Hz, Ingila da Turai bolt 230 ne 50Hz, mu ma Najeriya da Nijar da Ghana layin Turai muke bi. Wannan ya shafi mai sayen tokunbo, mota ta zo daga Amurka da inbatarta da soket ɗinta duk na 120, ka kawo butar da ka saya a Kano ka jona ta ƙi tafasa, ko kuma abin da ya fi muni ka jona motar da wutar gida mai 230 ka ƙone cajar da firjin gaba ɗaya.

Lambar da ke jikin kwali ma a karanta da ido biyu. Akwai ƙarfin da take iya riƙewa ko da yaushe, akwai na fizgar ɗan lokaci wanda yawanci ninki biyu ne, masu arahar nan sai su rubuta na fizgar da manyan baƙi. In ka ga an rubuta 4000W a jikin wani abu da ba shi da nauyi ko kaɗan, wayoyin da suka biyo shi sirara kamar na rediyo, ajiye musu kayansu. Sannan wasu kamfanonin da VA suke rubutu ba wat ba. Misali Victron, kamfanin ƙasar Holan, MultiPlus ɗinsu mai 3000VA wat 2400 take riƙewa, kuma in wuri ya yi zafi ƙarfin yana ƙara sauka. Ba ha'inci ba ne, a takardarsu yake, amma sai ka karanta.

Abu na gaba da ba a cika tambaya ba, nawa take ci in tana kunne ba a jona komai ba. Manya suna iya cin wat 15 zuwa 30 haka kawai. Wat 20 sau awa 24 ya zama 480, wato wajen 40Ah daga batir ɗinka ya tafi a banza. Nemi mai makunnin nesa wanda za ka kafe kusa da ƙofa ko gado, ka riƙa kashewa in an gama.

Akwai kuma zaɓi tsakanin inbata zalla da wadda aka haɗa mata caja da cenjoba a ciki. Ta biyun ta fi tsada amma ta fi sauƙin zama da ita, in ka jona wutar sansani da kanta take wuce da wutar zuwa soket ta kuma caja batir, in ka cire ta koma batir cikin ƙiftawar ido. Victron, Xantrex, Renogy, Samlex duk sanannu ne a harkar. In kuwa laftof kawai za ka caja, ƙaramar mai wat 150 da ake sakawa a ramin kunna sigari ta ishe ka, amma ka sani ramin nan fis ɗinsa amfiya 10 ne ko 15, wato wat 120 zuwa 180, ko ka sayi mai 500 ba za ka samu fiye da haka ta nan ba.

Na uku: batir, inda maganar take

Da farko dai ba a haɗa inbata da batirin tayar da inji. Motar kwana tana da batir na biyu na ɗaki, shi ake nufi. Wanda ya haɗa da na inji zai wayi gari a daji mota ta ƙi tashi.

Ga lissafin da ya kamata ya zauna maka a kai, wat a raba da bolt shi ne amfiya. Inbata mai 2000 a kan bolt 12, in ka sa asarar kashi 10 zuwa 15 da take yi, tana jan amfiya 185 zuwa 195 daga batir. Kwatanta da gefen soket, wat 2000 ɗin nan a bolt 230 bai kai amfiya 9 ba. Kaga gefen da mutane suke rainawa suna cewa ai bolt 12 ne ko ka taɓa ba ya ja, shi ne gefen da ke tayar da gobara.

Mu koma kan 840 ɗinmu. Sa asarar inbata ya kusa 990, ƙara abin da ta ci tana zaune na 'yan awanni, ka ce 1100. Raba da 12, wajen 90Ah kenan a yini. Batirin dalma, ko mai ruwa ko AGM ko jel, rabinsa ake sha in ana so ya yi ƙarko, don haka mai 100Ah 50 kawai zai ba ka, kana buƙatar 200Ah. Kuma dalma yana da wani hali, in ka ja shi da ƙarfi abin da zai bayar yana raguwa, bolt ɗinsa ya faɗi, sai ka ji inbata tana kuka alhali batir bai ƙare ba.

Litiyom irin LiFePO4 kana iya shan kashi 80 zuwa 90, ga rashin nauyi, bolt ɗinsa ba ya faɗuwa da wuri. A lissafin yini mai 100Ah guda ɗaya da kyar zai kai ka. Amma ga inda ake faɗawa rami, kowane batirin litiyom yana da allon tsaro a ciki, BMS, kuma da yawa daga masu 100Ah iyakar abin da allon ke bari ya fita amfiya 100 ne. Maikurowef ɗin can mai 1200 shi kaɗai zai ja wajen 110. Sai ka kunna, ɗif, komai ya mutu har fitilun ɗaki, ka yi ta zagin inbata alhali ba laifinta. Don inbata mai 2000 kana buƙatar batir biyu a haɗe gefe da gefe, wato fozitif da fozitif, negatif da negatif, ko ɗaya babba wanda allonsa ke ba da 200. Tambayi wannan lambar kafin ka biya.

In abin da kake so ya kai wat 3000 zuwa sama, yi tunanin tsarin bolt 24. Amfiya ta ragu da rabi, waya ta rage kauri, zafi ya ragu. Matsalar kawai sauran kayan ɗakin na bolt 12 ne, sai ka sa musu abin sauko da wuta.

Na huɗu: waya da fis

Wallahi nan ne ba a tsumulmula. Ga kimanin abin da ake amfani da shi a bolt 12 in tazarar ba ta wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu ba: wat 1000 waya mai 35mm², wat 2000 mai 70mm² wadda Amurkawa ke kira 2/0, wat 3000 kuma 4/0 ko a jera biyu-biyu masu 50mm². In littafin inbatarka ya faɗi wani abu daban, bi littafin.

Bari ka ga dalili da lamba. A ce tazara mita 2 ce, zuwa da dawowa mita 4, amfiya 190 na bi. Waya mai 70mm² za ta zubar da wajen bolt 0.2, ba komai. Sa mai 16mm² irin wadda wani riwaya zai ce maka ai wannan ma ta yi, za ta zubar da fiye da bolt 0.8, kuma wayar kanta ta koma hita mai wat 160 a ɓoye ƙarƙashin gadonka. Inbata ta riƙa ganin batir ya yi ƙasa tana yankewa, robar waya tana laushi.

Tagulla zalla za ka saya mai silli-silli da yawa mai lanƙwasuwa, irin ta masu walda tana yi. Akwai wata mai araha da aka yi da alminiyom aka shafa mata tagulla a sama, a ido ba ka bambancewa, amma ɗaga ta za ka ji ba nauyi, ka kankare silli ɗaya da wuƙa za ka ga fari a ciki. Kada ka saka ta. Haka waya mai ƙarfe ɗaya sandararre irin ta bangon gida, girgizar hanya karya ta take yi, ko a gefen 230 mai silli ake sawa a mota.

In dole wani gefe ya yi tsawo, bari gefen soket ya yi tsawon. Inbata ta matso kusa da batir, wayar 230 ta yi tafiyar.

Fis kuma aikinsa kare waya ne, shi ya sa ake sa shi a kan jar waya dab da batir. Ƙa'idar jiragen ruwa ta Amurka, wadda masu gyaran motocin nan suke aro, ta ce cikin inci 7, wajen santimita 18. Dalilin shi ne duk guntun wayar da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai tsaronsa, in ya goge ya taɓa ƙarfen mota ba abin da zai tsayar da wutar. Ga mai wat 2000 da waya 70mm² yawanci fis mai amfiya 250 ake sawa. Akwai ANL, akwai MEGA, akwai Class T. In batiranka litiyom ne masu yawa, Class T ya fi, saboda litiyom in ya samu gajeriyar hanya, wato fozitif ya haɗu da negatif kai tsaye, yana turo dubban amfiya, ƙaramin fis zai iya narkewa wutar ta ci gaba da tsallakawa, shi kuwa Class T an yi shi ya yanke har amfiya 20,000. Bayan fis ka sa babban makunni na yanke batir wanda ƙarfinsa ya kai. Irin birekun nan masu araha na kayan kiɗan mota, ni ban yarda da su a wannan wurin ba.

Na biyar: inda za ta zauna

Wuri busasshe mai iska, a bar mata aƙalla faɗin tafin hannu ta kowane gefe, musamman wajen fankarta. Ba a ɗakin inji ba, ba a akwatin tukunyar gas ba ko kusa, ba kuma a akwati ɗaya da batir mai ruwa ba, domin shi in yana caji iskar haidurojin yake fitarwa, inbata kuma tana iya yin tartsatsi a ciki. Ƙarƙashin kujera ko gado yana yi in ka huda wurin shigar iska ka sa raga. Ka tuna fankar tana ƙara, kuma ka tuna nan gaba wani zai cusa bargo ko buhun shinkafa a wurin, don haka ka yi mata shinge. Ɗaure ta da kusoshi masu noti a jikin abu mai ƙarfi, kafin ka huda ƙasa kuma leƙa ƙarƙashin motar kada ka huda tankin mai ko bututun birki.

Na shida: haɗawa

Cire agogo da zobe tukuna. Sifana in ta haɗa kan batir biyu narkewa take yi, don haka naɗe jikinta da salatif. Cire wayar sansani, kashe janareta, yanke wutar faifan sola kafin ka cire batir daga kwantirola, sannan ka cire baƙar wayar batirin ɗaki.

Auna wayoyin a wurin da za su bi ka yanka. Kawunan tagulla da za ka sa musu su dace da kaurin wayar da kuma girman kusar da za su hau. A matse su da abin matsi na haidurolik, ba a buga da guduma a kan dutse, ba kuma a cika su da dalma kawai. In ka matse ka ja da ƙarfinka, in ya motsa sake. Sai ka rufe wuyan da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, ja a fozitif baƙa a negatif.

Fara da wayar ƙasa, daga kusar da ke jikin akwatin inbatar zuwa shasin mota, ka kankare fenti har ƙarfe ya fito fes. Kaurinta ya kusa na manyan wayoyin, kada ka sa siririya.

Jar waya ta tashi daga inbata zuwa makunni, daga makunni zuwa gidan fis, daga nan zuwa kan batir, amma kada ka sa fis ɗin tukuna. Baƙar waya ta tashi daga inbata ta koma batir da kanta, kada ka dogara da jikin mota ya dawo da amfiya 190. In kana da shant na auna batir, kuma ina ba ka shawara ka saya don shi kaɗai ne zai gaya maka gaskiyar abin da ya rage musamman a litiyom, toh baƙar wayar inbata a gefen kaya take hawa, batir kaɗai ne a ɗaya gefen. In batiran biyu ne gefe da gefe, ɗauki ja daga na farko baƙa daga na biyu don su ci aiki daidai.

Wajen ɗaurewa akwai ɗan abin da ke ƙona wuri, kan tagullar ya kwanta kai tsaye a kan ƙarfen mahaɗar, wasa, wato zoben ƙarfen nan na ƙarƙashin noti, ta hau daga sama, sannan noti. In ka sa wasa a tsakani duk wutar ta cikinta za ta bi, ta yi ja. In kawuna da yawa ne a kusa ɗaya, mai jan wuta da yawa shi ne a ƙasa. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, a kuma ɗaure ta a jiki kada ta yi ta lilo.

Yanzu ɗauki mita ka tabbatar ja na kan fozitif baƙa na kan negatif, ka sake dubawa. Juya su sau ɗaya ya isa ya kashe inbata, garanti kuma ba ya ɗaukar wannan.

Saura abu ɗaya kafin fis. A cikin inbata akwai manyan kafasita, in suna fanko aka jona su lokaci guda sai ka ji tas da tartsatsi, wani lokaci ma BMS ya ɗauka gajeriyar hanya ce ya rufe. Maganinsa rizista mai om 25 zuwa 30, ko ƙwan fitilar mota mai zare, ka gitta shi a gurbin fis na 'yan daƙiƙu makunni na kunne, ƙwan zai haska ya dushe, alamar sun cika. Kashe makunni, sa fis, ɗaure, sannan ka kunna.

Na bakwai: gefen soket

Hanya mafi sauƙi, ka ja soket ɗaya ko biyu sababbi daga inbata waɗanda ba su haɗu da wayarin motar ba ko kaɗan, ka yi musu alama. Ga mai maikurowef da laftof wannan ya wadatar.

In kana so duk soket ɗin motar su yi aiki, dole cenjoba, na hannu ko mai canza kansa, yadda wutar sansani da ta inbata ba za su taɓa haɗuwa ba. Wayar nan mai filogi kai biyu da wasu ke haɗawa su cusa a soket, dan Allah kada ka yi, haƙoran ɗaya kan suna ɗauke da wuta a fili, kuma ranar da ka manta ka jona sansani inbata ta tafi.

Sannan ka ware kayan da bai kamata inbata ta ciyar ba. Na farkonsu cajar batir ta motar, in ka bar ta a layin, batir na ba inbata, inbata na ba caja, caja na mayar wa batir, ana ta zagaye ana asara har ya ƙare. Sai hitar ruwa, da firjin nan mai aiki da gas ko lantarki, wanda da ya ga wutar soket zai bar gas ya koma kanta ya tsotse batir cikin dare. Waɗannan a bar su a layin sansani kaɗai.

Maganar tsaron rai kuma, a Turai ana sa RCD mai 30mA, a Amurka GFCI, masu yanke wuta in ta fara bi ta jikin mutum. Amma RCD ba zai yi aikinsa yadda ya kamata ba sai an haɗa nutural da wayar ƙasa a tushen wutar. In kana sansani haɗin yana can wajensu, kada ka ƙara naka, in kana kan inbata kuma dole haɗin ya kasance a wurinka. Masu caja a ciki irin MultiPlus suna da rile mai yin wannan da kansa. Wasu ƙananan inbatocin kuwa in ka haɗa musu nutural da ƙasa ƙonewa suke yi, sai ka duba littafi. Wannan gaɓar in ba sana'arka ba ce kira mai lasisin aikin lantarki ya yi ko ya duba maka, ko don inshora ma, in gobara ta tashi za su tambayi wanda ya yi wayarin.

Na takwas: gwaji

Kunna ta ba kaya, auna soket ka ga 230 ko 120. Jona ƙaramin abu. In lafiya, kawo babban kayan ka bar shi ya yi minti 10 zuwa 15, kana tsaye. Yana cikin aiki ka auna bolt a kan batir, ka auna a bakin inbata, in bambancin ya wuce kamar 0.4 akwai inda ya yi sako-sako ko waya ta yi ƙanƙanta. Kashe, ka bi mahaɗan gefen batir da bayan yatsa ɗaya bayan ɗaya, ɗumi kaɗan ba laifi, amma wanda ya fi 'yan uwansa zafi shi ne mai matsalar, kwance shi ka goge ka sake ɗaurewa. Danna maɓallin gwaji na RCD ka ga ya yanke, a kan inbata da kuma a kan wutar sansani. Bayan tafiyar farko mai nisa ka sake bin notocin nan, hanya tana kwance su.

Abin da ka sha kuma sai ka mayar. 90Ah a yini ba ƙaramin abu ba ne, faifan sola mai wat 200 zuwa 300 a rufi zai taimaka in akwai rana, amma a hunturun Ingila kada ka sa rai. Caji daga altaneta ya fi tabbas, ta hanyar cajar batir zuwa batir mai amfiya 30 ko 50, musamman a sababbin motoci masu altaneta mai rage wuta da kanta, kuma litiyom in aka jona shi kai tsaye yana iya gasa altaneta. LiFePO4 ba a caja shi in sanyi ya kai ƙasa da digiri 0, don haka mai zama ƙasar ƙanƙara ya sa batir a cikin ɗaki ko ya sayi mai hita a jiki. In za ka ajiye motar na watanni, kashe babban makunnin nan gaba ɗaya, makunnin nesa kaɗai ba ya hana wasu inbatocin ɗan tsotso.